Takabata a Fuskar Rifkatu

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Rifkatu, kuma har yau ban gama kishi da ita ba. Na san ba haka ake buɗe rubutun tunawa da mamaci ba. Kamata ya yi in ce mutuniyar kirki ce, mai haƙuri, mai riƙon zumunci, in jera kamar yadda ake jerawa. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma masu faɗin wannan sun yi yawa a 'yan kwanakin nan, tun da yaran jami'a suka tono tsohon fim ɗin da ta fito a ciki, suka gyara shi, suka shiga nuna wa mutane. Ni abin da na sani daban ne. Baƙin cikin da suke gani a fuskarta suna share hawaye, nawa ne. A ɗakina ta ɗauke shi. Kuma abu ɗaya na nema a wurinta tsawon zamanmu, wato ta faɗa a gaban mutane, ko sau ɗaya ne, cewa na Hajara ne.

Gidan haya ne ya haɗa mu a unguwar Ali Kazaure, a ƙarshen shekarun saba'in. Ni haihuwar Jos ce, kakana haƙar kuza ce ta kawo shi daga Kano bai koma ba. Ita kuwa 'yar ƙasa ce, daga wani ƙauye a bayan duwatsu, Kirista, tana sayar da kabeji da karas da dankali a kasuwar Gada Biyu. Mijinta Bitrus soja ne, ya tafi yaƙin basasa, aka gama yaƙi bai dawo ba, kuma babu wanda ya zo ya ce ya ga gawarsa. Ɗakinta yana kallon nawa. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai dankali Kano, ni kuma ina taɓa ɗinki da keken da ya saya min. In ana maganar baki da barkwanci a gidan nan, ni ce. Ina iya kwaikwayon tafiyar mai gidan hayarmu da tarinsa har matan gida su riƙe ciki. Rifkatu kuwa sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Da za a tambayi mutanen gidan wace ce za ta fito a fim a cikinmu, ko mahaukaci ba zai nuna ta ba.

Sai mota ta ƙwace wa maigidana a wani gangare, aka kawo min shi a lulluɓe. Ina da ɗiya ɗaya, Lami, tana tatata. Na shiga takaba, babu kwalli, babu lalle, babu turare, babu fita sai da larura. Gwaggon marigayi ta ƙara min da nata dokokin na gargajiya: in yi magana ƙasa-ƙasa, in yi tafiya a hankali, kada in waiwaya in an kira ni ta baya. Ta kuma damƙa min wata 'yar wuƙa mai ƙotar icce, ta ce kada ta bar hannuna ko bayan gida zan shiga, wai don kada kurwar mamaci ta raɓe ni. Malamai yanzu suna cewa wannan ba addini ba ne, kuma sun yi gaskiya. Amma a lokacin wa ya isa ya ja da Gwaggo?

Duk wadda ta yi takaba ta san yadda abin yake. Kwanakin farko gida cike, har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Bayan sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke, a bar ki ke da bango. Rifkatu ce kaɗai ba ta ɗauke ƙafa ba. Kullum ta tashi daga kasuwa sai ta shigo, ta zauna a bakin tabarma, ta goya Lami ko ta ja farantin shinkafa tana tsinta. Ba ta yi min wa'azi, ba ta ce in daina kuka. Kallona kawai take yi, ni kuma na ɗauka tausayi ne zalla.

Akwai abin da nake yi da babu wanda ya sani sai ita. Da la'asar sakaliya manyan motoci suke haurowa gari, kana jin nishinsu in sun canza giya. Lokacin dawowarsa ke nan. Sai in cika buta in ajiye a bakin ƙofa, yadda na saba ajiye masa. In na ji mota, sai hannuna ya tsaya cak, in karkata kai, in danne wuƙar nan a cinyata, in saurara har ƙarar ta wuce. Sannan in ce a hankali, ba shi ba ne. Na san ya mutu, ni na ga fuskarsa kafin a ɗauke shi. Amma jikina bai yarda ba, kullum sai ya yi wannan jiran.

Na fita takaba da 'yan watanni sai ga 'yan fim sun sauka a gari. Shugabansu wani ɗan Legas ne da ya yi karatu a Turai, mai gemu da wando mai faɗin ƙafa, kowa Oga yake ce masa. Fim ɗin ban tsoro zai yi, a kan wata mata da mijinta ya mutu a ramin kuza, ta rage ita kaɗai a wani tsohon gidan Turawan ma'adinai a gefen kududdufi, ba ta san ko wani ne yake son ya kore ta daga wurin ba, ko kuwa hankalinta ne yake gushewa. Suna neman mai ɗinkin kayan 'yan wasa, aka yi musu kwatancena. Aka ba ni labarin fim ɗin. Na ce a raina, wannan ai ni aka rubuta. Na tattara ƙarfin hali na ce wa mai yi masa fassara ya gaya wa Oga ni zan iya, ni da na fito daga abin jiya-jiya.

Oga bai wulaƙanta ni ba, gara ma a ce ya wulaƙanta ni. Ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ya ce ƙasa ba ta daɗe da fita daga yaƙi ba, yana son kowa ya ga fuskarsa a fim ɗin. Likita Bayarabe ne, mai kanti Ibo, mai nono Bafulatana, mai kula da rami Bature. Tauraruwa kuwa dole ta zama 'yar asalin dutsen nan, domin su ba a taɓa nuna su ba sai in baƙi sun zo a kira su su yi rawa. Ku Hausawa, in ji shi, kuna da rediyo, kuna da wasan kwaikwayo, harshenku ma kowa a garin nan yake yi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo. Rabon Hausawa a fim ɗin maigadi ne da mai ƙosai. Aka ba ni mai ƙosai. Wanda ya kalli fim ɗin ya lura da kyau, akwai wata mata a bakin kasko da ta ba wa kyamara baya. Ƙeyata ce, ita ce duk abin da na samu.

Muna cikin wannan maganar Rifkatu ta shigo ta kawo min Lami da ta tashi daga barci. Oga ya dube ta sama da ƙasa, ya tambayi garinsu, shi ke nan. Ko neman abin ba ta yi ba.

In zan yi mata adalci, ba ta zama 'yar amshin shata ba. Ranar farko Oga ya sa aka yanko ganye, wai ta ɗaura irin na mutanen da. Ta dubi ganyen ta dube shi.

"Oga, ni ina zuwa coci fa. Kakana ma ya daina sa wannan. In ganye kana so, je ka ɗauki akuya."

Haka Hausarta take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, amma maganar ta isa inda aka aike ta. Aka koma kan zani da riga, ni na ɗinka su. A ranar na yi alfahari da ita, ban ɓoye ba.

Sai aka zo wurin da matar za ta nuna baƙin cikinta. Yadda Oga ya tsara, za ta kurma ihu ne, ta yaga riga, ta yi birgima a ƙasa. Aka gwada, aka sake gwadawa, abin ya ƙi. Ina gefe da allura da zare a hannu, ina jin daɗi a raina, domin ni na san ba haka ake yi ba. Can sai Rifkatu ta ce a dakata. Ta ce mai baƙin ciki ba ya ihu haka. Ta ce a kawo mata buta da ƙaramar wuƙa, a sa motar kayansu ta hauro ta hanyar gidan. Ta ajiye butar a bakin ƙofa. Ta zauna ta miƙe ƙafa ɗaya ta naɗe ɗaya, irin zaman da nake yi sak. Mota ta canza giya, hannunta ya tsaya, ta karkata kai, ta danne wuƙa a cinya. Ƙarar ta wuce. Ta ce, ba shi ba ne.

Mai riƙe da kyamara, ƙaton mutum, na ga yana goge ido da bayan hannu. Ni kuwa ji na yi kamar an yaye min zani a tsakiyar kasuwa. Oga ya taso yana rawar jiki, ya tambaye ta wuƙar nan fa, al'adarsu ce? Ta ɗago ta dube ni. Idonmu ya haɗu, babu zancen ba ta gan ni ba. Sannan ta sunkuyar da kai.

"E, Oga. Haka muna yi."

Wannan maganar ce ta tsaya min a wuya fiye da shekara arba'in.

Fim ya fito, aka nuna shi a gari, mutane suka yi ta tururuwa. Wurin motar nan shi ne abin da kowa yake magana a kai. Yara suna kwaikwayonsa a layi, suna karkata kai suna cewa ba shi ba ne, suna kwashewa da dariya, ni ina jin su daga kan keken ɗinki. A Gada Biyu mutane suna sayen kabejin da ba su da niyyar ci don dai su kalli Rifkatu. 'Yan boko suka yi ta yaba wa Oga, wai ya nuna wa duniya yadda mutanen dutse suke makoki, da wuƙa a hannu. Kawunta da ya zo daga ƙauye aka kai shi ya kalla, ya fito yana tambaya yaushe suka fara riƙe wa matattu wuƙa, su da suke taruwa su yi waƙa su kwana tare da mai makoki. Babu wanda ya saurare shi, tsoho ne kuma ba ya jin Turanci. Matan unguwarmu da suka ji labari cewa suka yi, ashe su ma irin tamu suke yi. Kowa ya ga takabar Ali Kazaure a fuskar 'yar dutse, kowa ya koma gida da abin da ya fahimta.

Ban yanke hulɗa da ita ba. Ina zan iya? Ita ta yaye min Lami, ita ta raka ni ɗakina da na sake aure, naman Sallarmu da shinkafar Kirsimetinsu ba su taɓa fashi ba. Amma ban bar ta ta sha ruwa da daɗi ba. Tauraruwa nake kiranta, da irin muryar da ta san ma'anarta. In ta yi sabon zani in ce ai dole, manyan fim. Ita kuma sai ta yi murmushi ta kawo wata maganar. Sau ɗaya aka kira ta hira a rediyo. Na bar ɗinki na zauna na ƙura wa akwatin ido. Mai hirar ya tambaye ta a ina ta koyi wannan zaman da ya sa mutane kuka. Ta ce Allah ne ya ba ta. Na kashe rediyon, ranar ko tuwo ban tuƙa ba.

Mai karatu zai ce, to ke me ya hana ki faɗa da bakinki? Na faɗa mana, ga 'yan gidanmu. Suka ce Hajara da son a sani. Magana irin wannan ba ta da nauyi a bakin mai ita. Dole sai wanda ya ɗauka ne zai ce na ɗauka.

Ban tambaye ta gaba da gaba ba sai da ciwon ajali ya kwantar da ita. A lokacin rikici ya riga ya raba gari, Musulmi gefe, Kirista gefe, ta daɗe da barin Ali Kazaure ta koma wajen Tina Junction cikin 'yan uwanta, zuwa wurinta ma sai an yi shawara a gida. Na je da hantsi da kunun gyaɗa a kwano. Ta rame har ta ba ni tsoro. Na ga in ban tambaya yau ba, shi ke nan. Na ce mata, Rifkatu, me ya sa kika ce wa Oga naku ne?

Ta juyo da kai ta dube ni.

"Maman Lami, kai ka yi takaba. Ni fa?"

Ta ci gaba.

"Bitrus ya tafi, ba gawa, ba kabari. Coci sun ce in jira. Danginsa sun ce in jira. Ni ba matan aure ba, ni ba gwauruwa ba. Ina zaune a ɗakinka, mutane suna shigowa, ya haƙuri, ya haƙuri, ana kawo maka tuwo. Naka yana da ranan farawa, yana da ranan gamawa. Ni ko mutum ɗaya bai taɓa ce min ya haƙuri ba. Allah ya sani na yi kishinka. Wuƙa naka ne, buta naka ne, ban musa ba. Amma ranan nan Bitrus nake jira."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Wata huɗu da kwana goma tana zaune a gabana, ni ina ganin mai jinya, ashe mai kallon abin da aka hana ta ce. Amma ni Hajara ce, ban iya sakin abu da sauƙi ba. Na ce to ki faɗa musu rabi nawa ne, rabi naki.

"In na faɗa, za su ce aro na yi. Shi kaɗai ne makokin da na yi masa. Ka bar min."

Ban ce na bar mata ba, ban kuma ce ban bari ba. Na ce ta tashi ta sha kunu kafin ya huce. Ba mu sake ganawa ba.

Yanzu ina zaune ina tunanin me za ta ce da ta ga abin da ake yi da sunanta. Yaran nan suna tara mutane suna muhawara a kan wakilci. Suna ƙirga ƙabilun da suka fito a fim ɗin da yatsa, daidai yadda Oga ya ƙirga mana, suna cewa ya riga zamaninsa. 'Yan matan dutse suna sa hotonta a wayoyinsu, suna cewa ita ce ta farko da ta nuna ana iya sa irinsu a gaba, ba a bayan mai rawa ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba na son in ƙwace musu. Wasu samarin namu kuma, da suka gano wuƙar takaba ce, sun fara hayaniya wai an sace al'adar Hausawa. Su ma ba na tare da su, ba al'ada aka ɗauka ba, ni aka ɗauka. Na tabbata da Rifkatu tana nan, sauraronsu za ta yi har su gama, sannan ta tambaye su ko sun ci abinci.

Abin da duk ɓangarorin biyu ba su sani ba shi ne, wannan zaman da suke gardama a kansa ba a ƙauyensu aka haife shi ba, ba kuma a Kano ba. A gidan haya aka haife shi, inda ƙofar Musulma take kallon ta Kirista, har ɗaya ta iya zama a tabarmar ɗaya ta haddace yadda take numfashi. Yau wace Rifkatu ce za ta kama ɗaki a layinmu? Wace Hajara ce za ta bar ta ta ga abin da na bari ta gani? Suna murna an nuna kowa a fim ɗin, alhali garin da ya sa hakan ta yiwu ya fita daga hannunmu.

To me ya rage nata? Ya rage mata fuska. Tana nan a shekara talatin, fata sumul, wuya a miƙe, ni kuwa gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, allura ma sai an zura min zare. Maigidana na fari bai bar hoto ba sai na lasin, shi ma ya ɓace. Bitrus ko wannan bai bari ba. Duk duniya babu inda aka ajiye shaidar cewa an taɓa son mutanen nan biyu, an kuma jira su, sai a fuskar mace ɗaya, kuma ba tawa ba ce. Ina yi mata fatan hutu da zuciya ɗaya. Kishin ma da zuciya ɗaya nake yin sa.

Watan jiya jikata ta matsa sai da ta kai ni inda ake nuna fim ɗin da rana, a wani zaure cike da matasa. Wata yarinya ce a gefena, ba za ta wuce shekara ashirin ba. Da aka zo wurin, sai na ji tana shessheƙa. Ta juyo ta ce min, Mama, matar nan ta san mutuwar miji. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce mata, 'yata, a wurina ta koya, ni ce matar nan. Ta dube ni da jajayen idanu, ta dafa min hannu cikin ladabi.

"Allah sarki, Mama. Kowa haka yake ji in ya kalla."

Ta mayar da idonta kan Rifkatu. Na buɗe baki zan ce a je a tambaya, sai na rasa wa za a tambaya. Mutum ɗaya ce a duniya ta san gaskiya nake faɗa, kuma shekararta goma sha bakwai a ƙasa. Na zauna a cikin taron nan ina kallonta tana jira, na ji duk abin da nake so shi ne ta juyo ta dube ni, ko da za ta sake cewa nasu ne.